Lacca: Yadda Ake Karanta Ƙuri'ar Jin Ra'ayi a Zaɓen Fidda Gwanin Jam'iyyar Republican

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya kuna ji na? To, madalla. Wanda yake kusa da tagar nan ya taimaka ya tura ta, ƙarar janareta tana shigowa.

Jama'a, yau Amurka za mu je. Maganarmu a kan ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a take, musamman wadda ake yi a tsakanin masu ra'ayin mazan jiya idan jam'iyyar Republican za ta fidda ɗan takararta na shugaban ƙasa. Da yawanku aikin jarida za ku yi. Wata rana edita zai ajiye maka takarda ya ce wane yana da kashi 28, wane yana da 23, rubuta mana labari kafin ƙarfe biyar. Ina so kafin ka rubuta "wane ne ke kan gaba" ka san abin da kake riƙe da shi. Abubuwa biyar zan kawo, in Allah ya yarda.

Na farko, mutum nawa aka tambaya. Wannan ba zan daɗe a kansa ba. Idan an tambayi mutum 1,000, kuma an zaɓo su yadda ya kamata, kuskuren da ake tsammani bai wuce kashi 3 ba, ko sama ko ƙasa. Idan 600 ne, kashi 4. Idan 400 ne, kashi 5. Ku rubuta wannan, zai yi muku amfani. To, kamfani zai ce ya tambayi Amurkawa 1,000, amma da ka duba ƙasan takarda sai ka ga 'yan Republican da ke ciki wajen 400 ne. Saboda haka in ka ga ɗaya yana da 24, ɗaya yana da 22, babu wanda ke gaba, kunnen doki suke. Ita tazarar da ke tsakanin mutum biyu ma kuskurenta ya fi haka girma, yana kusan ninkawa.

Kada kuma yawa ya ruɗe ku. A 1936 wata mujalla mai suna Literary Digest ta aika da takardun tambaya kusan miliyan 10, aka mayar mata da sama da miliyan 2, ta ce ɗan Republican Alf Landon zai kada shugaba mai ci a lokacin, Franklin Roosevelt. Ranar zaɓe Landon jiha biyu ya ci cikin 48, Maine da Vermont. Duk wanda ya taɓa raka mai sayen hatsi kasuwar Dawanau ya ga yadda yake yi. Ba ya zazzage buhu. Ɗan ƙarfen nan yake sokawa, ya ɗibo daga sama, ya ɗibo daga tsakiya, ya ɗibo daga gindi, ya zuba a tafin hannu ya duba. Ɗan kaɗan ya ishe shi, matuƙar daga ko'ina ya fito. Mujallar nan kwano-kwano ta ɗiba, amma duk daga bakin buhu.

Na biyu, kuma nan nake so ku ba ni hankalinku: su wa aka tambaya? Wannan ita ce uwar maganar.

A babban zaɓe na watan Nuwamba, mai ɗaukar ra'ayi yana da abin dafawa. Ya san galibin mutane jam'iyyarsu za su bi, ya san kusan yawan waɗanda suka saba fitowa. A zaɓen fidda gwani wannan madafar babu ita. Bari in kai ku jihar Iowa, inda 'yan Republican suke fara zaɓensu. Ba irin zaɓen da za ka je rumfa da safe ka jefa ƙuri'a ka wuce kasuwa ba ne. Taron gunduma suke yi, kuma gundumomin sun haura 1,600. Ƙarfe bakwai na dare, a tsakiyar hunturu, mutum zai bar gidansa ya tafi makarantar unguwa ko coci ko ɗakin karatu. A zauna a kan kujeru. Wakilin kowane ɗan takara ya miƙe ya yi 'yar magana. Sannan a raba 'yan takardu, kowa ya rubuta sunan gwaninsa ya naɗe, a tattara, a ƙirga a gaban jama'a. Wanda yake aikin dare ba zai zo ba. Matar da ba ta sami mai zauna mata da yara ba, ba za ta zo ba. Tsohon da yake tsoron santsin ƙanƙara a hanya, shi ma yana gida.

Jihar tana da mutum sama da miliyan 3. A 2016 wajen mutum 187,000 suka fito, kuma shi ne mafi yawa da jam'iyyar ta taɓa gani a can. A ranar 15 ga Janairun 2024, da aka yi wani irin sanyi mai ratsa ƙashi, wajen 110,000 kawai suka fito, wato kusan kashi 15 cikin 100 na masu rajistar jam'iyyar a jihar. To, kai da ka ɗauki waya kana kira, yaya za ka gane wannan da ya amsa yana cikin 15 ɗin nan ne ko yana cikin sauran? In ka tambaye shi zai ce zai fito. Kowa yana jin kunyar ya ce ba zai fito ba. Malam na gaba yana murmushi, da alama an taɓa gayyatarsa ɗaurin aure ya ce "insha Allahu". [dariya]

Akwai wata mata, Ann Selzer, ita ta daɗe tana yi wa jaridar Des Moines Register wannan aiki, kuma a lokacin duk Amurka an yarda babu wanda ya san Iowa kamarta. Ƙuri'arta ta ƙarshe kafin taron 1 ga Fabrairun 2016 ta ba Donald Trump kashi 28, Ted Cruz 23, Marco Rubio 15. Da aka ƙirga, Cruz ne ya zo na ɗaya da kusan kashi 28, Trump 24, Rubio 23. Me ya faru? Ƙarya mutane suka yi mata? A'a. A lissafinta, Kiristoci 'yan bishara, waɗannan masu riƙo da addini sosai, kashi 47 ne na waɗanda za su fito. Da aka tsaya a bakin ƙofofi aka tambayi masu shiga, sai aka tarar sun kai kashi 64. Su kuwa Cruz suka fi so. Shi Cruz ya zagaye ƙananan hukumomin jihar 99 gaba ɗaya, yana da fastoci, yana da masu bin gida-gida, yana da masu buga waya su tuna maka yau ce ranar. Ra'ayin mutane ta auna daidai gwargwado. Wanda zai saka rigar sanyi ya fito ne ba ta iya ganewa ba.

Ku duba jerin nan: Mike Huckabee ya ci Iowa a 2008, Rick Santorum a 2012, Cruz a 2016. Duka ukun 'yan bishara ne suka ɗaga su, kuma duka ukun babu wanda ya zama ɗan takarar jam'iyya. Saboda kwana kaɗan bayan Iowa sai a koma New Hampshire, inda jama'ar wasu iri ne daban. Ba su cika zuwa coci kamar na Iowa ba, maganar haraji ta fi damunsu, kuma doka ta yarda wanda bai yi rajista da kowace jam'iyya ba ya shigo ya yi zaɓe. A Carolina ta Kudu ma ba a rajistar jam'iyya sam. A Florida kuwa sai ɗan jam'iyya mai rajista. Shi ya sa idan an ce maka "masu ra'ayin mazan jiya sun fi son wane", ka ce waɗanne? Na coci, ko 'yan kasuwa, ko masu son gwamnati ta cire hannu daga komai irin magoya bayan tsohon ɗan majalisa Ron Paul, ko ma'aikatan da shige da ficen baƙi ya dama? A 2024 Nikki Haley, tsohuwar gwamnar Carolina ta Kudu, ta sami kashi 43 a New Hampshire, Trump 54, alhali a Iowa 19 ta samu. Mako guda ne tsakani. Ita ɗin ce, maganarta ba ta canja ba, masu shiga rumfar ne suka canja.

Su wa aka tambaya. Ku riƙe wannan, zan yi ta maimaita shi har ku gaji da ni.

Kuma ko an dace an tambayi mutanen da za su fito ɗin, akwai wata. Mai zaɓen fidda gwani a cikin gidansu yake zaɓe. Duk 'yan takarar nasa ne. Yana son wannan, yana son wancan ma, bai ƙi na ukun ba. In ka kira shi ranar Talata zai faɗa maka sunan wanda ya gani a talabijin daren Litinin. Shekarar 2011 ita ce makarantar wannan darasi, kuma ina son labarinta ƙwarai.

A cikin masu neman takarar 2012, Mitt Romney yana nan a wajen kashi 25, ba ya gaba ba ya baya. 'Yan mazan jiya na sosai ba su natsu da shi ba, saboda lokacin da yake gwamnan Massachusetts ya kafa tsarin inshorar lafiya mai kama da na Obama. Sai suka shiga neman wani. A watan Agusta Michele Bachmann ta ci ƙuri'ar gwaji ta garin Ames da ke Iowa, aka ce ga ta nan. A ranar ma gwamnan Texas Rick Perry ya shigo takara, kafin ka ce kwabo ya haye sama. Sai a wata muhawara a watan Satumba ya kare dokar jiharsa da ta sauƙaƙa wa 'ya'yan baƙin haure kuɗin jami'a, har ya nuna cewa masu adawa da ita ba su da tausayi. Masu adawar kuwa su ne mutanen da yake neman ƙuri'arsu! Daga nan ya fara gangarowa. Ranar 9 ga Nuwamba kuma, a gaban duniya, ya ce zai rushe ma'aikatu uku, ya ambaci ta kasuwanci, ya ambaci ta ilimi, ta ukun ta ɓace masa. Ya yi ta lalube, abokan takararsa har suna taya shi. Ta makamashi ce. Wanda ya taɓa tsayawa gaban malamin jarrabawa ya san wannan zufar. [dariya]

A Oktoba Herman Cain ne a sama, tsohon shugaban wani kamfanin abinci, da tsarin harajinsa na 9-9-9. Zarge-zarge suka taso, ya musanta, amma 3 ga Disamba ya jingine takara. Sai Newt Gingrich, tsohon kakakin majalisar wakilai, ya ɗare. Aka yi masa ruwan tallace-tallacen suka a gidajen talabijin na Iowa, ya sauko. Duk wannan cikin wata biyar. Ɗan jaridar da yake rubuta "wane ya kama hanyar nasara" duk lokacin da ya ga sabon lissafi, sau huɗu zai ji kunya.

Duk wannan lokacin Santorum yana can ƙasa, bai kai kashi 10 ba, yana yawo a motar a-kori-kura daga ƙauye zuwa ƙauye. Yanzu ku ga amfanin karanta ƙasan takarda. Ƙuri'ar Selzer ta ƙarshe, wadda aka yi cikin kwana huɗu, ta ba Romney 24, Ron Paul 22, Santorum 15. Amma ta ƙara da cewa in ka ware kwana biyun ƙarshe kaɗai, Santorum yana da 21. Wanda ya tsaya a kanun labari ya ga mutum na uku. Wanda ya karanta har ƙasa ya ga mutumin da yake tasowa. Ranar 3 ga Janairun 2012 aka ce Romney ya ci da ƙuri'a 8. Bayan mako biyu da aka kammala tantancewa, sai ga Santorum ne a gaba da ƙuri'a 34. Bachmann kuwa, wadda ta ci ta gwaji a Agusta, ta shida ta zo, washegari ta janye.

Saboda haka ku nemi tambayoyin da ake binnewa a shafi na uku. Wa ne zaɓinka na biyu? Ka yanke shawara ko za ka iya sauyawa? Wa ne ba za ka taɓa zaɓa ba? Wallahi waɗannan sun fi lambar da ke kan gaba faɗa maka gaskiya. Idan ɗan takara ya janye, mutanensa ba ɓacewa suke yi ba, wani wurin suke komawa, kuma zaɓi na biyun nan ne zai nuna maka inda za su.

Na huɗu... Na'am? Ban faɗi na uku ba? To, shi ne wannan da na gama yanzu, na laushin ra'ayi, ya shige cikin na biyu. Ku sa masa lamba da kanku. Lokaci yana gudu.

Na huɗu, ƙuri'ar ƙasa baki ɗaya. Babu ranar da duk 'yan Republican na Amurka suke fitowa tare su fidda gwani. Jiha-jiha ake bi, kuma sakamakon ta farko yana sauya tunanin ta gaba. Rudy Giuliani, tsohon magajin garin New York, ya shafe kusan duk 2007 yana kan gaba a faɗin ƙasa. Kowa ya san sunansa tun harin 11 ga Satumba. Amma yana goyon bayan 'yancin zubar da ciki, abin da 'yan bishara ba sa sassauci a kansa. Ya kauce wa Iowa, ya tare a Florida yana jira. Kafin a iso can har an manta da shi. Ya zo na uku ranar 29 ga Janairun 2008, washegari ya janye ya mara wa John McCain baya, McCain ɗin da a damunar 2007 kuɗin kamfen ɗinsa suka ƙare har ana cewa tasa ta ƙare. Tun ana saura wata shida, abin da ƙuri'ar ƙasa take aunawa galibi shi ne sunan wa ka sani.

Sai na ƙarshe, a gurguje. Wa ya biya kuɗin aikin? Idan ofishin ɗan takara ne ya fitar da lissafin, to wanda ya yi masa daɗi ya fitar. Yaushe aka yi tambayar, kafin muhawara ko bayanta? Ta wace hanya? Cibiyar Pew ta ce a 1997 kashi 36 na waɗanda take kira suna amsawa, zuwa 2018 ya koma kashi 6. Kuma ita ƙuri'ar tana taɓa abin da take aunawa: a Agustan 2015 tashar Fox News da ita ta zaɓi mutum 10 cikin 17 da za su hau babban dandalin muhawara. Sannan kaso ba shi ne wakilai ba, wato waɗanda kowace jiha take turawa babban taron jam'iyya su tsayar da ɗan takara. Trump ya sami kusan kashi 33 a Carolina ta Kudu a 2016, amma ya kwashe wakilanta 50 duka. Wannan kaɗai lacca guda ce. Bari in tsaya in karɓi tambaya. Hajiya, bismillah. A miƙa mata abin magana.

[Tambaya] Allah ya gafarta malam, na gode. Ka nuna mana cewa wanda yake gaba tun da wuri yakan faɗi. Amma Trump tun 2015 yake gaba, kuma shi ya ci. A 2023 ma haka. Ashe ke nan ba ƙuri'ar ce ta yi gaskiya ba?

Allah ya yi miki albarka, 'yar'uwa. Da wannan ya kamata a ce mun fara. Gaskiyarki, kuma manyan masana a Amurka sun faɗa ramin nan. Sun haddace darasin 2011 har ya rufe musu ido. Trump ya shigo takara 16 ga Yunin 2015, zuwa Yuli yana kan gaba, suka ce ai irin su Cain ne, zai sauko. Ga lissafi a gabansu kowane mako, suka ƙi yarda da shi.

To, da me za ki bambanta? Ki duba abin da ya faru bayan an soke shi. Perry magana ɗaya ya yi a kan baƙin haure ya fara zubewa. Trump a watan Yulin 2015 ya taɓa McCain, mutumin da ya shafe sama da shekara biyar a tsare a Vietnam, kowa ya ce shi ke nan. Lissafi bai motsa ba. Wannan ya nuna miki mutanensa sun san shi, sun ji aibinsa, kuma sun zauna. Sai ki duba tsawon lokaci. Su Perry da Cain da Gingrich makonni kowa ya yi a sama. Shi kuwa daga Yuli har zuwa Iowa, in ban da ɗan lokacin da Ben Carson ya kamo shi a farkon Nuwamba, yana nan. Sai ki duba jihohi. Giuliani yana gaba a ƙasa amma babu shi a Iowa, kuma ba shi ne a gaba a New Hampshire ba. Trump yana gaba a ƙasa, yana gaba a New Hampshire, yana gaba a Carolina ta Kudu, kuma duka biyun ya ci su. Sai girman kason. Mai kashi 25 cikin mutum goma ana iya haɗuwa a kada shi. A 2023 Trump ya haura kashi 50, ko duk sauran sun dunƙule wuri ɗaya ba su kai shi ba, kuma tuhumar da aka yi ta kai shi kotu ba ta rage masa magoya baya a cikin jam'iyya ba. A Iowa ta 2024 Selzer ta ba shi 48, ya sami 51.

Amma ko a ranar, ki lura, ta sa Haley a matsayi na biyu da 20, Ron DeSantis na Florida na uku da 16. Da aka ƙirga DeSantis ne na biyu da 21, Haley 19. A cikin rahoton nata ta riga ta nuna cewa magoya bayan Haley ba su da zumuɗi kamar na sauran. Ga sanyi, ga dare. DeSantis kuma ya zagaye ƙananan hukumomi 99 ɗin nan, gwamnar jihar tana bayansa. Kin ga mun sake komawa kan wa zai fito.

Akwai hannu biyu a can baya, na gan ku. Mai kula da lokaci ya ce an kusa kiran la'asar, saboda haka mu je mu yi salla, in mun dawo da ku za a fara, sannan in yi muku bayanin rabon wakilai da na tsallake. Wassalamu alaikum.